Wasiƙa Ga Ƙanwata Da Ke Zama A Bencin Baya

A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da maganar adashe da kuɗin makarantar yara, amma ku yi mini afuwa, wani saƙo ya shigo mini wanda ya hana ni barci kwana biyu. Mai saƙon ta yarda in buga shi, na dai cire sunanta da na ƙauyensu. Ga abin da ta ce:

"Yaya, ni Bahaushiya ce Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada. Shekararmu bakwai da aure, 'ya'yanmu uku. Bara maigidana ya dawo daga cirani ya ce ya gaji da zaman, ya rubuta takarda ya ba ƙanensa ya kai wa babana. Ya riƙe manyan yaran biyu, na taho da na goye. Da damina zazzaɓi ya kama yaron, kafin mu isa asibiti ya cika a bayana, muna kan babur. A majami'a an ce in dakata da cin Jibin Ubangiji sai an gama bincike, yau wata goma sha ɗaya ba wanda ya kira ni. A bencin baya nake zama. Wata ta ce mini da na yi haƙuri a ɗakina da yaron bai mutu ba. Ina addu'a, amma ji nake kamar da bango nake magana. Yaya, shin Allah ma ya sake ni ne?"

Ƙanwata, kafin komai ina yi miki gaisuwa. Sannu da rashi. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya miki na baya. Masu karatunmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a nan, ku ma ku matso kusa. Da harshen bangaskiyarta zan amsa mata, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma na san da yawa a cikinku za su ga fuskar 'yar'uwarsu a wannan saƙo.

Ba daga littafi na san bencin nan ba. Na zauna a kansa. Shekara goma sha biyu ke nan da ranar da na sauka daga mota a Kwanar Dangora da jakar bakko ɗaya da 'yan mata biyu, na tsaya bakin titi ina kallon hanyar ƙauyenmu ta wajen Kiru, ƙafata ta ƙi tafiya. Kunya nake ji fiye da baƙin ciki. Mahaifina dattijon ikkilisiya ne, ni kuma na yi shekaru ina jan waƙa a Zumuntar Mata. Ina ta lissafin bakunan da za su buɗe kafin in kai ƙofar gida. Don haka in na ce miki na gane, ki yarda na gane, ko da yake ni ban binne ɗa ba, kuma ba zan ce nauyina ya kai naki ba.

Bari in fara da abin da mutane da yawa ba su sani ba game da mu. A ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa akwai ƙauyuka masu yawa na Hausawa Kirista, jikokin waɗanda ake kira Maguzawa. Hausa muka tashi da ita, da ita muke addu'a, kuma tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu. Amma bazawara a cikinmu tana tsaye ne a wani wuri mai wuyar tsayawa. A al'adar kakanninmu, in zama ya ƙi, mace kan koma gidansu, a mayar da dukiyar aure, 'ya'ya su zauna a gidan uba, ita kuma ta yi wani auren. A wajen maƙwabtanmu Musulmi, zawarci abu ne sananne mai ƙa'ida: ta yi idda, ta fita, manema su zo. Har gwamnatin Kano kan shirya auren gata tun daga 2012, kuma a watan Oktoban 2023 an ɗaura na mutum 1,800 da angwayensu. Mu kuwa an koya mana, kuma koyarwar gaskiya ce, cewa aure alkawari ne na har mutuwa. Sai dai da yawa daga cikin majami'unmu sun koyi yadda ake hana saki, ba su koyi yadda ake riƙe wadda aka saka ba. An rufe tsohuwar ƙofa, ba a gina ɗakin da za ta shiga ba. Shi ya sa kike bencin baya wata goma sha ɗaya. Galibi ba mugunta ce ke sa dattawa yin shiru ba. Ba su san abin da za su yi da ke ba ne, sai suka bar ki a nan.

Yanzu ga tambayarki. Amsata ita ce a'a, Allah bai sake ki ba. Amma na san a'a tawa ba za ta ishe ki ba, don haka mu buɗe Littafin tare.

Ayar da aka fi jifan mu da ita tana cikin Malakai sura 2, inda ake nuna Allah ba ya son kisan aure. Gaskiya ne. Amma ki karanta surar daga sama. Da wa annabin yake magana? Da maza ne, waɗanda suka ci amanar matan ƙuruciyarsu, sa'an nan suka zo suna kuka a bagade suna mamakin dalilin da ya sa Allah ba ya karɓar hadayarsu. An rubuta wurin ne don a kāre mace irinki. Abin takaici, sandar da aka yanko don a tare miki faɗa, ita ake juyowa a doke ki da ita. Haka ma a Matiyu sura 19, maza ne suka zo suna tambayar Yesu ko mutum na iya korar matarsa a kan kowane dalili, shi kuwa ya danganta abin da taurin zuciya. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa sura 7, ya san akwai auren da ɗaya zai tashi ya tafi ba da son ɗayan ba, bai kuma ɗora wa wanda aka bari laifi ba.

Ba ina cewa ke mala'ika ce ba. Ni ma da na zauna na yi wa kaina hisabi, na ga wuraren da bakina ya ƙara wa wutar gidana itace, na kuma tuba a kansu. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Amma tuba a kan laifinki daban, ɗaukar laifin wani ki ɗora a kanki daban. Wanda ya rubuta takarda shi zai amsa tambayar takarda.

Sai maganar da ta fi ƙona mini rai, wato cewa da kin yi haƙuri da yaron bai mutu ba. Ƙanwata, ki tofar da wannan magana. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaukar yara a gidajen da aure ke zaune lafiya, yana ɗauka a gidan fasto, yana ɗauka a gidan liman. Duk wanda ya yi damina a ƙauyukanmu na gefen dajin Falgore ko na bakin ruwan Tiga ya san yadda sauro yake a watan Agusta, ya kuma san nisan da ke tsakanin wasu ƙauyuka da asibiti in hanya ta jiƙe. A Yahaya sura 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho suka fara neman mai laifi, shi ko iyayensa. Yesu ya ƙi wannan lissafi gaba ɗaya. Abokan Ayuba ma, muddin suna zaune da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, sun yi zaman makoki mai kyau. Da suka buɗe baki suka fara nemo masa zunubin da ya jawo mutuwar 'ya'yansa, nan suka ɓata, kuma a ƙarshen littafin su Allah ya tsawata wa, ba Ayuba mai kuka ba. Ke uwa ce da ta goya ɗanta ta hau babur cikin damina tana neman magani. Abin da Allah ya gani ke nan.

Akwai mata biyu a Littafin da nake so ki yi ƙawance da su.

Ta farko Hajaratu ce. Ita ma da sassafe aka sallame ta daga gidan da ta haihu, da ɗan guzuri da salkar ruwa. Ruwan ya ƙare a jeji, ta ajiye yaron a gindin wani ɗan itace ta koma nesa don ba za ta iya kallon mutuwarsa ba. A can, inda babu majami'a babu dattijo, Allah ya ji kukan, ya buɗe mata ido ta ga rijiya. Tun kafin wannan ma, a Farawa sura 16, ita ce ta kira Allah da sunan mai ganinta. Baiwa, baƙuwa, korarriya, ita ta san shi da wannan suna. 'Yan'uwanmu Musulmi ma suna tunawa da gudun da ta yi na neman ruwa duk shekara a tsakanin Safa da Marwa. Matar da aka fitar daga gida, ga shi duniya ba ta manta da ita ba.

Na san abin da za ki ce: Yaya, ai ita ɗanta ya rayu. Haka ne. Shi ya sa na kawo miki ta biyu, Na'omi. Ita ta binne miji da 'ya'ya maza biyu a baƙuwar ƙasa, ta komo Baitalami hannu wofi. Da matan gari suka taru suna tambaya ko ita ce, sai ta ce su daina kiran ta da sunanta mai daɗi, su kira ta da sunan ɗaci, ta kuma faɗa a fili cewa Allah ne ya ɗora mata. Ki lura, ba a tsawata mata ba. Ba a ce ta yi saɓo ba. An bar maganarta a rubuce har yau. Kuma taimakon da ya zo mata bai zo da tsawa ko walƙiya ba. Ya zo ne ta hannun surukarta Rut, wadda ta ƙi rabuwa da ita, ta fita kala a gonar mutane ta dawo da abin tuwo. Ke da kika tashi a ƙasar shinkafa kin san kala, kin san yadda ake sunkuyo ana tsintar zangarniya ɗaya-ɗaya bayan masu girbi sun wuce. Wani lokaci haka alherin Allah yake zuwa, ba dami guda ba.

Kin ce kina addu'a kamar da bango kike magana. Ni ma na yi kusan shekara a haka. Wadda ta fitar da ni gwaggona ce da ke aure a wajen Doguwa, Allah ya ji ƙanta. Ba ta yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci na majami'a ne ya koya mata haɗa baƙi. Ta binne mijinta da 'ya'ya uku. Na je wurinta da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, na tarar tana auna tsaba da gwangwani. Na ce mata, "Gwaggo, ni fa na daina jin komai in na durƙusa." Ba ta amsa ba. Ta ja ni ɗakinta ta nuna mini damin masara da ta rataye a saman murhu, hayaƙi ya sa ya yi baƙi. Ta ce, "Kin ga wannan? Iri ne. Jiya da ƙyar muka ci sau ɗaya, amma ban taɓa shi ba. In ruwa ya sauka zan ɗauki abin da cikina ke so in binne shi a ƙasa, in dawo gida da yunwata. Ba don ina jin daɗi nake yi ba, 'yar nan. Don na san wanda ke da ruwan ne." Sa'an nan ta ce in tashi in ɗebo mata itace.

Tun daga ranar na daina auna bangaskiyata da abin da nake ji a ƙirji. Dogara ga Allah aiki ne irin na shuka. Kina tashi da safe ki ce masa, "Ga ni, ban ji ka ba, amma ga ni." In kalmomi sun ƙare, ki buɗe Zabura. Ki karanta ta 13, ta 42, da ta 88. Ta 88 ɗin nan har ta ƙare babu haske ko kaɗan a cikinta, amma an sa ta a littafin addu'ar mutanen Allah. Wannan ya nuna mini cewa ƙorafin da aka kai gaban Allah shi ma addu'a ne. Wadda ta yanke ƙauna ba ta rubuto wa kowa tana tambaya ko Allah ya sake ta. Tambayar taki ma alama ce cewa igiyar ba ta tsinke ba.

To, amma wanda ya dogara ga Allah ba ya naɗe hannu. Ga abubuwan da nake so ki yi.

Na ɗaya, ki nemo takardar aurenku ki duba wace iri ce. A Nijeriya, in an ɗaura aure a ƙarƙashin Dokar Aure ta ƙasa, wato a ofishin rajista ko a majami'ar da ke da lasisi tare da takardar rajista, to takardar da miji ya rubuta a gida ba ta kashe shi. Bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, Babbar Kotu ce kaɗai ke raba irin wannan aure, kuma sai an nuna mata ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Kafin nan, a idon doka ke matarsa ce, kuma ba shi da ikon ɗaura wani auren. In kuwa auren gargajiya ne aka kai majami'a aka sa masa albarka kawai, hukuncinsa daban ne. Mata da yawa a ƙauyukanmu ba su san wanne ne nasu ba sai ranar da rigima ta taso.

Na biyu, maganar yaranki biyu. Al'ada ta ce 'ya'ya na uba ne, amma a ƙarƙashin waccan doka abin da kotu ke sa wa gaba shi ne abin da zai fi amfanar yaran, kuma tana iya ba uwa riƙo ko damar ganinsu, ta kuma ɗora wa uba ciyarwa. Ki fara da lalama: kawunki da dattijo ɗaya su je su nemi a ba ki ranakun ganin yara. In an ƙi, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa duk suna da ofis a Kano, kuma don marasa ƙarfi aka kafa su. Neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba rashin gafara ba ne.

Na uku, kada ki ci gaba da jira a kira ki. Ki ɗauki wata dattijuwa daga Zumuntar Mata ku je wurin fasto, cikin ladabi ki tambaya: mene ne laifin da ake bincike a kaina, kuma yaushe za a gama? Ki roƙa a nuna miki abin da ƙa'idar ikkilisiyarku ta ce a rubuce. Ɗarikoki sun bambanta a kan sake aure bayan rabuwa, kuma ba ni zan yanke miki wannan ba. Amma ko Katolika, da ba ta yarda cikakken auren ikkilisiya yana mutuwa ba, ba ta hana wadda aka rabu da ita cin jibi don rabuwar kaɗai. In majami'ar ƙauyenku ta kasa, akwai shugabanni a samanta, na gunduma ko na dayosis.

Na huɗu, ki roƙi babanki ya yanka miki gayauna tun kafin damina. Ko kaɗan ce, ta zama taki. Ni da buhun gyaɗa biyu na fara, ina yin ƙuli da mai, da shi na sa 'yan matana a makaranta. Hannun da ke da abin yi yana rage wa zuciya dare.

Na biyar, in kin ga kin daina cin abinci, barci ya ƙaurace miki makonni, ko zuciya ta fara raya miki cewa gara ki bi yaron, kada ki riƙe wannan ke kaɗai ko da kwana ɗaya. Ki faɗa wa mahaifiyarki ko wata da kika amince da ita, ku je asibiti. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, kuma shan maganin ba ya rage wa mutum bangaskiya.

Gafara fa? Na san za a matsa miki a kanta. Za ta zo, amma ba a tsinkar ta ɗanya. Ni sai da na yi shekara huɗu kafin in iya ambaton sunan uban 'ya'yana a addu'a ba tare da haƙorana sun haɗu ba. Gafara ita ce ki sauke bashin daga kanki ki miƙa wa Allah. Ba ta nufin ki ce abin da aka yi miki daidai ne, ba ta kuma nufin ki koma inda ake dukan ki.

Ku kuma iyayenmu fastoci da dattawa, ina magana da ku a matsayin 'yarku, 'yar dattijo. Horo don gyara ake yin sa, kuma duk horon da ba shi da ranar ƙarewa ya zama kora. In mace ta zo da takarda a hannu, ku kira wanda ya rubuta ta ma. Sau da yawa shi yana can ya koma wata majami'a a birni yana zaune a gaba, ita da ba ta da kuɗin mota ita ke ɗauke da kunyar mutum biyu. Ku tuna da matar da Yesu ya tarar a bakin rijiya a Samariya, wadda ta yi aure har biyar. Ya zauna ya yi hira da ita da tsakar rana, ya roƙe ta ruwa, kuma ita ce ta kai labarinsa cikin gari.

Mu mata kuma, zumunta a ƙafa take. Rigar Zumunta da kallabi iri ɗaya ba su ne zumunci ba. Ranar da na fara komawa majami'a bayan dawowata, na zauna a baya na sunkuyar da kai. Ana cikin waƙar farko sai na ji an zauna kusa da ni. Matar tsohon fastonmu ce, mai kujera a sahun gaba. Ba ta ce mini komai ba, ta dai buɗe littafin waƙoƙinta ta riƙe mana tare. Haka ta yi kowace Lahadi har wata uku. Ban tuna wa'azi ko ɗaya na waɗannan watanni ba, amma ina tuna ƙanshin man kaɗanyar da ke hannunta. Ran Lahadi mai zuwa, ki waiwaya baya a majami'arku. In akwai wadda ke zaune ita kaɗai, kin san abin yi.

Ƙanwata, ba zan yi miki alkawarin cewa mijinki zai dawo ba, ko cewa wani zai zo wanda ya fi shi. Ni ban sake aure ba, kuma akwai daren da har yanzu ɗakin kan yi mini faɗi. Abin da zan iya shaida miki shi ne, a shekara goma sha biyun nan ban taɓa kwana Allah bai san inda nake ba. Ɗanki yana hannun da ya fi bayanki taushi. Ke kuma ba a sake ki ba. Ki rubuto mini bayan kun je wurin fasto, ina jira.

Masu karatu, wadda ta taɓa bin wannan hanya, Kirista ko Musulma, ta ajiye wa 'yar'uwarmu kalma a ƙasa, don ta ce za ta karanta. Roƙona ɗaya: wanda ya zo da hukunci ya riƙe abinsa, an riga an ba ta isasshe. Maganar adashe kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.